Motar Da Baba Ya Ƙwanƙwasa

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa Tsafe na sayi mota. Ina zaune Tudun Wada a Gusau, kullum sai na yi sammako tasha, a cusa mu huɗu a baya kamar buhunan gero. Da na gaji na kwashi adashina na je wurin dillalai. Jif na so, wallahi, amma da na ji kuɗinta da man da take sha, sai na lallaɓa na ɗauki wata 'yar ƙarama, 'yar Kwatano, wato ta hannu.

Ranar Asabar na kai ta garinmu Nahuce don Baba ya sa albarka. Mahaifina manomi ne, kuma bai taɓa sayen tukunya ko ƙwarya bai ƙwanƙwasa ta ya ji amonta ba. Haka ya zagaye motar nan yana bugun ta da bayan yatsa, yana kasa kunne.

"Wagga ba mota ba ce, gwangwanin madara ne," in ji shi. "Tirela ta yi atishawa kin tafi. Ko ki samo mai ƙarfe, ko ki bar aikin Tsafe."

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce, "Baba, mai ƙarfen da me zan saye ta, da alli?" Inna ta harare ni, na ja bakina. Da ƙyar ya ba ni wa'adi zuwa ƙarshen zangon karatu in sauya motar ko in ajiye aikin, kuma Baba ba ya magana biyu. Ni kuwa ina son aikin nan kamar raina.

Saura mako uku wa'adin ya cika, wata rana da safe ana yayyafi, shanu suka keto titi gab da Tsafe. Akori-kurar da ke gabana ta taka birki, ni ma na taka, amma ina. Na daki bayanta. Gaban motata ya tattare kamar tabarma, ni ko ƙwarzane babu, sai zafin bel a kafaɗa. Kukan da na yi a bakin titin ba na tsoro ba ne. Na san aikina ya ƙare.

Washegari Baba ya zo Gusau, ya ce a kai shi garejin da aka ja motar. Ya tsaya yana duban yadda gaban motar ya tattare. Bakaniken, wani dattijo mai furfura, ya ce, "Alhaji, da gangan ake yin gaban da laushi. Shi ke shanye dukan kafin ya iso ga mutum. Da tsohon ƙarfen da kake so ne, motar ta tsira, ƙirjin ɗiyarka ya karɓa."

Baba ya ce, "To, in da tirela ce?"

"Babba babba ce, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba kowa ke da halin sayen babbar mota ba. Ta riƙa ba da tazara, ta ɗaura bel, sauran na Allah ne."

Baba ya buɗe ƙofar direba, ta buɗu lafiya lau. Ya shafa kujerar, ya jawo bel ɗin ya fizga da ƙarfi, ya ji ya cije. Ina tsaye gefe ina jiran ya yanke hukunci. Bai ko dube ni ba, bakaniken ya juya wa.

"Kwana nawa gyaran zai ɗauka? Yara na can Tsafe suna jiran malamarsu."