Kai, Ke, ko Ku

Na fara jin akwai matsala ne lokacin da mijin Antina ya dawo daga aiki, ya cire takunkumin fuska, ya wanke hannu, ya wuce ta ƙofar kicin bai leƙo ba. Mutumin da kullum sai ya tsaya ya ce, "Shugabar tukwane, yau kuma da me za a hukunta mu?" Na ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Ya amsa da hanci. Na tsaya riƙe da ludayi, na bi shi da kallo.

Anti yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na zo Doha ne in taya ta jego, sai korona ta rufe hanya, na maƙale a gidansu da ke unguwar Mu'aither. Shi injiniya ne a ɗaya daga cikin filayen ƙwallon da ake ginawa saboda kofin duniya, aikinsu bai tsaya ba. Da jariri a hannun Anti, girki ya dawo kaina, kuma ban taɓa ƙorafi ba.

Abu ɗaya ne nawa a garin: aji. Wata baiwar Allah 'yar Zariya da ke unguwar Abu Hamour, wadda ta yi karatu a Amurka, ta tara mu 'yan mata masu takardar sakandare tana koya mana Turanci ta waya. Ta ce in gasar ta zo za a nemi masu tarbar baƙi, kada a same mu muna in'ina. A makon nan ta ba mu wata rubutacciyar waƙar Turanci ta wata Ba'amurkiya. Matar cikin waƙar ta shekara da shekaru tana dafa wa gida abinci. Wata rana ta kashe murhu, ta ɗauki mota, ta je gidan abinci na bakin titi, ta zauna a tebur ita kaɗai, ta zaɓi abin da ranta ke so. Malama ta ce kowacce ta ɗauki muryarta da Hausa, kamar ita ce matar, ta tura wa 'yan aji.

Na ɗauka da safe, jariri na goye a bayana. Na zage na yi da zuciya ɗaya, don ina son Malama ta yaba. Na tura, na sa waya a caji, na shiga wanke-wanke.

Ban daɗe da jin amsar hancin nan ba Anti ta shigo kicin ta turo ƙofa. Ta ce, "Ke, me ya shiga kanki?" Ta danna wayarta. Sai ga muryata, tar: "Kai, tun yaushe nake dafa maka abin da kake so? Ka taɓa tambaya ta ni me nake son ci? Yau na kashe murhu. Ka nemi mai yi maka."

Ashe zauren hirar 'yan gidanmu na waya na tura, ba na aji ba. Suna jere ne a wayata. A cikinsa akwai Baba, da kawunnai, da gwaggonni, da shi kansa mijin Anti. Babu wanda ya san da wata waƙa. Abin da suka sani shi ne, a duniyar nan namiji ɗaya nake dafa wa abinci, kuma ga ni ina ce masa "kai" gatsal, a gaban dangi.

Baba ya riga ya kira Anti. Ya ce akwai jirgin da ke kwaso waɗanda suka maƙale, a sa ni a na gaba. Da na gaya mata yadda aka yi, ta sake kiran sa ta yi masa bayanin aji, sai abin ya ƙara muni. Ya ce to ajin da ke koya wa yarinya kashe murhu, ko ta bar shi yau, ko ta dawo gida. Na san yadda zan sauka: yarinyar da aka kai ƙasar waje ta zagi mijin yayarta. Wannan suna ba ya wankuwa a unguwarmu.

Anti ta ce, "Ki je ki ba yayan naki haƙuri, ki ce kin bar ajin. Shi ke nan, khalas."

Na shiga ɗaki da niyyar yin hakan. Amma na buɗe waƙar tukuna, ina so in ga abin da ya jawo mini. Sai na tuna maganar Malama, wadda ta ba mu dariya a lokacin: kalmar "you" da Turawa ke nuna mutum da ita guda ɗaya ce tak, ba ta sa wando ba, ba ta ɗaura zane ba. Kai ne, ke ce, ku ne, duk ita ce. Mu kuwa Hausa ba ta barin ka ɓuya, dole ka zaɓa. Ni na zaɓi "kai" ban ko yi tunani ba, don na ɗauka in mace na ƙorafin girki, da miji take.

Na sake bi a hankali. Babu miji ko sau ɗaya a waƙar. Akwai uwarta, da ta koya mata ta ci abin da ya rage a tukunya. Akwai mai kawo abinci, ita ma mace, da ta tambaye ta ko tana jiran wani ne. Akwai mutanen sauran teburan da ke kallonta da tausayi.

Gaskiya da farko ni ma tausayinta na ji. A wurinmu wanda ya ci abinci shi kaɗai, ko ba shi da lafiya ko ya yi faɗa da mutane. Ban ga abin burgewa a ƙasar da sai mace ta tuƙa mota ta yi nisa da kowa kafin ta san ɗanɗanon bakinta ba. Har yanzu ba na sha'awar teburin nan nata. Amma tambayarta fa? Tambaya ce kawai ta yi. Ni ma karanta ta kawai na yi, ga shi ana nema mini kujera a jirgi.

Na sami mijin Anti a falo. Na durƙusa. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri da saƙon da ya faɗa inda bai kamata ba. Wallahi ba da kai nake ba. Amma ajin, ba zan bari ba."

Anti ta ce, "Innalillahi."

Ya dube ni. Ya ce, "To wane ne kai ɗin?"

Na ce, "Nan ne na yi kuskuren fassara. Ba kai ba ne. Ku ne."

"Mu?"

"Uwarta, da mai kawo abincin, da duk wanda zai ji mace ta faɗi abin da take so ya ɗauka zagi ne."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Hawaye na zuba, amma ban janye ba. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya karanta, ya koma sama ya sake.

Ya ce, "Wannan Turanci ba shi da kan gado. A wurin aikinmu in layi ɗaya ya ba da ma'ana uku, ai gini ya rushe." Ya sake kallon wayar. "Amurkawa dai kowa kansa ya sani."

Na ce, "Ita ma sai da ta gama ciyar da kowa kafin ta tuna da nata kan."

Anti ta zare mini ido. Shi kuwa ya ajiye wayar a kujera ya shige ciki.

Washegari na yi girki kamar kullum, sannan na haɗa jakata. Lokacin aji ya yi, na shiga. Na jingina wayar da filo. Na ce in tafiya ce, in tafi ina 'yar aji. Na sake ɗaukar muryata da "ku", na duba sunan zauren da kyau, na tura wa Malama.

Bayan la'asar Anti ta turo ƙofa, jariri a kafaɗarta. Ta kalli jakar, ta kalle ni.

Ta ce, "Kwance kayan nan. Yayan naki ya kira Baba daga wurin aiki, sun daɗe suna magana. Ya ce shi aka ce an zaga, kuma shi bai ji zagi ba. Baba ya ce ki yi karatunki, amma kada ya ƙara jin muryarki a zauren."

Na ce, "Jirgin fa?"

"Ba inda za ki. Yalla, maza karɓi yaron nan, bayana ya ƙage."

Na ce ta ɗan dakata, in kwance jakar tukuna.