Kunnen da Ya Rage wa Jibirin

A ƙauyenmu, gabas kaɗan da Wad Haddad, idan dawa ta fid da kai ƙwayarta tana da taushi, babu mai barcin rana. Lokacin ne zarzur ke zuwa, ƙananan tsuntsayen nan jan-baki masu tafiya dubu-dubu. In suka sauka a hawashar mutum, wato gonar da aka yanka masa a bakin ruwan noma, kafin ya shanye kofin shayi sun bar masa kara. Mata na kaɗa gwangwani, maza na jifa da majajjawa, amma babban garke bindiga kaɗai yake jin tsoro. Bindiga kuwa ɗaya ce mai takarda a garin, ta Jibirin Mai Kartush, wato mai harsashi.

Ni Muntari maƙwabcinsa ne. Hawashata da tasa ƙaramar tur'a ce ta raba su, rafin da ke kawo mana ruwa. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, Yaya nake ce masa. Dogo ne siriri, magana kaɗan, taurin kai kuwa har ya ba wani. Shekara ashirin da bakwai yana tsaron dawar mutane, kuma abin alfaharinsa ba saiti ba ne, kunne ne. Tun sama tana fayau zai karkata kai ya ce suna tafe ta yamma, sai ka ga sun ɓullo ta yamman.

Yadda mahaifinsa ya koya masa haka yake yi. Zai tsinko auduga a gonarsa, ya cire guryar, ya tsoma a man riɗi, ya cusa a kunnen dama tunda shi ke manne da bindiga. Na hagu kuma ya bar shi a buɗe don sauraron tsuntsu. Dukanmu mun ɗauka hikima ce.

Asirin ya tonu a sallar la'asar. Yana ƙarshen sahu ta dama, liman na hagunsa. Aka ɗago daga sujada, Jibirin na nan goshi a ƙasa sai da aka taɓa shi. Sati guda ana tsokanarsa wai ya zama waliyyi. Matarsa Maijidda ba ta yi dariya ba, don ta daɗe da lura cewa in za ta yi magana sai ya juyo mata ɓangaren dama. Ita ta tisa shi gaba har Sinnar wajen likitan kunne, ni na raka su.

Likita ya gama awonsa ya tambaye shi, "Da wace kafaɗa kake harbi?"

"Dama."

"Wane kunne kake toshewa?"

"Na dama mana, ya daktor. Shi ad da kusa da bindiga."

Likita ya dafe kai. Ya ce ƙarar daga bakin bindiga take fitowa, ba daga gindinta ba. Mai harbi da dama yana kwantar da kai a kafaɗa, kunnen dama ya ɓuya, na hagu ya kalli ƙarar gaba da gaba. Shekara ashirin da bakwai Jibirin na rufe ƙofar da ke rufe, ya bar wadda ɓarawo ke shiga. Na hagu ya mutu. Na dama ma rabi ya rage, don auduga da mai ba su tare komai sai ƙura.

"Wannan rabin shi ne duk abin da kake da shi," in ji likita. "In ka ƙara harbi da shi a buɗe, kada ka dawo ka tambaye ni."

Ya fito masa da abu uku ya gwada. Akwai mai kama da ƙoƙo biyu da ake kifawa a kunne, irin na ma'aikatan injin gurzar auduga. Jibirin ya sa, ya ɗaga sandar shara kamar bindiga, ƙoƙon ya bugi sandar, ga gumi tun a ɗaki. Ya ajiye. Akwai na roba mai zobe-zobe, ya ce yana sukarsa. Na uku ɗan soso ne rawaya, bai kai kan yatsa ba. Shi ya zauna masa daidai. Likita ya ce ya ɗauki wannan, domin wanda mutum zai iya yini da shi a kunne shi ne mai amfani. Sai dai yana da sharaɗi: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a tura, a riƙe har ya kumbura. Ba abin gaggawa ba ne.

Tsugune ba ta ƙare ba. In ya sa soso ba ya jin tsuntsu. Maijidda ta ce ita za ta zame masa kunne. Kullum za ta tsaya nesa a kan gaɓar tur'a, in ta ji su sai ta kaɗa jan mayafinta ta nuna inda suke. Kwana goma sha biyu abin na tafiya lafiya, amma yana cin ransa.

"Wai ni Jibirin, mace ka ji mini zarzur," haka yake ce mini. Da ta juya baya sai ya zare soson ya karkata kai. Hali zanen dutse.

Ran na goma sha uku da hantsi ta koma gida ɗauko mana fatur, abincin safe. Ragowar soson na ƙulle a bakin mayafinta. Ina tsallaken ruwa na ga ya zare na kunnensa ya ɗora a gwiwa. Can sai yamma ta yi duhu. Tun da nake ban taɓa ganin garke irin wannan ba, kuma hawashata suka nufa, ba tasa ba.

Ya zabura ya miƙe. Ɗan soson ya gangara ya faɗa ruwa, ruwa ya tafi da shi. Ya durƙusa yana lalube a laka, bindiga a hannu ɗaya. Na farkon garken suka fara sauka. Ina ganin kawunan dawata suna sunkuyawa layi-layi. Na kaɗa gwangwani, na yi jifa, ko gezau. Mutum tara ke ci a gidana, kuma wannan dawar ce shekararmu.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ina wurin likita ya yi magana, na kuma ga soson ya tafi. Duk da haka na buɗe maƙogwaro.

"Yaya, harba! Harba, don Allah!"

Ya ɗago ya dube ni. Ya sa yatsa a kunne, ya ga bindiga ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya, ya cire. Ya matse kunnen da kafaɗa iya ƙarfinsa ya harba. Garken ya tashi ya sake sauka. Ya ɗura ya ƙara. Sau bakwai. A na bakwai suka yi sama baki ɗaya suka nufi kogi. Na waiga na ga Maijidda a guje, kwanon fatur ya kife a hanya.

Ta iso tana kiran sunansa, abin da ban taɓa jin ta yi a gaban mutane ba. Yana tsaye yana girgiza kai kamar wanda ruwa ya shiga wa kunne. Bai waiwaya ba sai da ta riƙe rigarsa.

Mun koma Sinnar. Likita bai yi faɗa ba, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu sai an manna baki a kunnen Jibirin an yi ihu, ga wani fito da ba ya barinsa. Ya ajiye bindiga, ya koma saƙar igiyar gado a ƙofar gida. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Dawata kuwa ta yi kyau a shekarar, kyan da ya hana ni jin daɗin tuwonta.

Bayan girbi na yi ta maza na je neman gafara. Yana zaune da igiya a hannu, Maijidda na tankaɗe a gefe, maƙwabta na wucewa. Na durƙusa na ce, "Yaya, ka yahe mini."

Ya kalli bakina yana murmushi. "Dawa? Alhamdu lillahi, na ga ta yi."

Na sake faɗa. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da saƙa. Na faɗa na uku.

Maijidda ba ta daina tankaɗe ba, ba ta kuma dube ni ba.

"Ɗaga murya, Muntari," ta ce. "Kana da ita. Duk gari ya ji ta ran nan."