Da Waƙata Aka Rufe Ajina

A makarantar sakandaren al'umma da na koyar a ƙasar Faskari, rabon ɗalibai kamar shiƙar dawa ake yin sa. Idan yara suka gama aji uku, sai manya su zauna a ofis su sheƙe su. Tsaba ta tafi ajin kimiyya, masu dama-dama su tafi ajin kasuwanci, abin da iska ta kwasa kuma a ce a kai wa malamin Hausa. Ni ne malamin Hausan. Ajin adabi nawa ne, a nan nake koyar da rubutacciyar waƙa da wasan kwaikwayo da karin magana. Ban taɓa raina abin da ake turo mini ba, don a cikin ƙaiƙayin nan na sha tsintar yaran da suka fi masu shiƙar tunani.

Shugaban makarantar abokina ne tun muna yara. Tare muka yi firamare a Sheme, tare muka saci gyaɗar mutane, tare muka sha bulalarta. Shi ya karanci kimiyya, ni na karanci Hausa, kuma tun daga lokacin bai ƙara kiran sunana ba, sai dai Sha'iri. Al'adar makarantarmu ce baƙo ba ya zama sai ɗalibai sun tarbe shi da waƙa, don haka duk ranar da abokina ya doso ni yana washe baki, na san wani babba na tafe.

Wata la'asar da damina na dawo daga gona, ko ƙafa ban wanke ba, sai ga shi a ƙofar gida. Ya ce wani Alhaji ɗan asalin wajen garin Ƙetare, mazaunin Abuja, zai zo ya ga abin da zai taimaka wa makaranta da shi.

"Wanga karon ba maraba da zuwa nike so ba, Sha'iri," in ji shi. "Waƙar da za ta taɓa mashi zuciya nike so."

A lokacin raɗe-raɗi na yawo cewa kwamitin makaranta na son soke ajin adabi. Na dube shi ido da ido na tambaye shi.

"Wa ya hwaɗa maka wanga zance?" Ya dafa ƙirji. "Muddin ina bisa kujerar nan, ajinka na nan daram."

Na yarda. Mutumin da kuka ci tuwo a akushi ɗaya, me zai sa ka nemi ya rantse?

Yawancin 'yan ajina a shekarar daga ƙauyukan wajen Sabuwa iyayensu suka taso, bayan 'yan bindiga sun hana su zama. Sai na ce kowa ya gaya mini abin da ya baro. Wani ya ce rumbun babansa da gero a ciki. Wani ya ce kukar da ake cin kasuwa a gindinta. Wata yarinya mai ƙaramar murya, wadda malaman lissafi suka yanke wa ƙauna, ta ce ita luguden safe take kewa, yadda turmin wannan gida yake amsa wa na wancan. Da waɗannan muka gina waƙar, baiti bayan baiti, muka ɗaure ta da roƙon kada ilimi ya zama abu na gaba da za a raba su da shi. Yarinyar nan na ba jagora, sauran suna amshi.

Ranar taro aka kafa rumfuna, iyaye suka cika fili. Yarana suka jeru. Kafin a kai tsakiyar waƙar wurin ya yi tsit, mata na share ido da bakin mayafi. Da aka zo baitin lugude, Alhaji ya cire tabarau ya sa hannun riga a fuska. Ya miƙe ya ce yaran da suka iya faɗar ciwonsu haka sun cancanci komai, zai gina ɗakin gwaje-gwaje da na kwamfuta. Wallahi a wannan lokacin na ji kamar an biya ni wahalar shekaruna duka.

Sai abokina ya karɓi lasifika. Ya yi godiya, sannan ya ce kwamiti ya riga ya yanke shawara, daga shekara mai zuwa makarantar ta koma ta kimiyya zalla, domin 'ya'yanmu su zama likitoci da injiniyoyi, ba 'yan zaman kashe wando ba. Aka yaye wani ƙyalle a jikin bango, sai ga sabon allo da sabon suna. Fentin ya bushe ƙamas, ba aikin jiya ba ne. Yarana na nan tsaye a layi, ba a ma ce su zauna ba. Da suka ga kowa na tafi, su ma suka tafa.

Na same shi a ofis, raina a ɓace. Na ce masa ya ci amanata. Bai musa ba.

"Ka yi haƙuri, Sha'iri. Da na hwaɗa maka gaskiya, da waƙar ba ta yi daɗi haka ba."

Ya ƙara da cewa ai ba korata aka yi ba. Zan riƙa koyar da Hausa a ƙananan azuzuwa, in kuma tsaya bakin ƙofa da safe ina tare masu makara. An ci moriyar ganga ke nan, an ya da kwaurenta.

Na bi iyaye gida gida, ina zaton waɗanda suka yi hawaye za su tsaya mini. Wani dattijo da ɗansa ke ajina ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, waƙa ai ko makaho na yin ta. Likita muke so." Na ce, "Baba, Allah ya ba mu likitan." Ban ƙi likita ba, ni ma asibiti nake zuwa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, mutanen nan ni suke nema in an yi rashi a tsara ta'aziyya, ni suke nema in rigima ta tashi a samo kalmar da za ta kwantar da ita, amma ba wanda yake son ɗansa ya koyi abin da nake yi. Ajin ya watse. Kaɗan suka iya da kimiyyar, wasu suka koma kasuwa. Yarinyar da ta ja waƙar tana koyon ɗinki a Faskari, in mun haɗu takan durƙusa ta gaishe ni, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.

Da ginin ya kammala, abokina ya sake zuwa neman waƙar buɗewa, ko kunya babu. Na ce ba zan yi ba. A raina na ce bari su ɗanɗana taro ba ni, su ji bambanci. Suka ɗauko wani mai waƙar biki da fiyano, ya kwashe lokaci yana jera kirarin Alhaji da motocinsa, ba ma'ana, ba ko amsa-amo. Ina zaune can baya ina jiran in ga fuskoki sun yamutse. Aka tafa masa har da guɗa.

Ana watsewa wata Hajiya 'yar kwamiti ta tare ni, fuskarta cike da fara'a.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Wallahi waƙarka ta bana ta hi ta bara daɗi."

Na duba fuskarta ko zolaya take yi. Da gaske take. Na ce mata na gode, na je na ɗauki kekena.