Gwaggo Turai, mai sanin ganye da hanci

Har zuwa bara, da an idar da sallar asuba, Gwaggo Turai tana bakin fangalinta a Yammedi tana ba 'ya'yan dashe ruwa. Shekara talatin ta yi tana renon irin gauta da tattasai, mu 'yan lambu muna zuwa muna ɗiba. Ni ban yi boko mai nisa ba, kuma ban iya fadanci ba, abin da idona ya gani zan faɗa.

Mu 'yan lambu akwai mu da gardamar suna. Gauta ɗaya, a Karaye sunanta daban, a Zoza daban, kowa ya rantse nasa ne na asali. Gwaggo ba ruwanta da wannan. Ganyen take murzawa ta kai hanci.

Bara maƙwabcina Muntaka ya dawo daga kasuwa da wani dashe, wai gautan Masar. Abokinsa Lukumanu ya ce, "Kai baƙauye ne! Wannan ai 'yar gata ce, kakana ma ya noma ta." Sati uku suna musu muna ta dariya, shuka tana girma.

Ran nan matar Muntaka, Munawwara, ta tsinko ganyen ta zuba a fate. Gwaggo ta shiga barkar haihuwa gidan kusa, ta leƙo su gaisa, ta ga ragowar ganyen a faifai. Ta murza, ta sansana.

"Munawwara, wa ya ci?"

"Ba kowa, Gwaggo, yanzu zan zuba."

Yara biyar na tsugune da kwanukansu. Gwaggo ba ta nemi tsumma ba, da hannu ta kife tukunyar. Zaƙami ne, ganyen da yake haukata ƙato, balle yaro. Ina wajen lokacin da aka gaya wa Muntaka. Nan take ya zauna dirshan a ƙasa.

Gwaggo, ke ce katangar da ba mu san muna jingine da ita ba. Har yau tabon ƙuna yana tafinki, ba ki taɓa yi wa kowa gori ba. Mun gode, Allah ya saka da Aljanna.

Bana gwiwa ta hana ta fita, ta bar fangali. Abin da yake tayar min da hankali ke nan: masu baƙon dashe ba su daina zuwa kasuwa ba. 'Yan'uwana, tana zaurenta, hancinta ƙalau. Ku kai 'ya'yanku ta koya musu tun tana da numfashi. Ni na kai nawa jiya.