Na Tashi Kafin Shayi na Uku

Lokacin da masaƙa ke aiki a Kakuri ni makanike ne a sashen rini, famfunan ruwa nake gyarawa. A bakin get akwai wani Buzu maigadi, dogo siriri, kullum butarsa na kan gawayi. In an tashi aiki mukan zauna wurinsa, ni da abokina, wani Bajju mai gyaran wayar wuta. Mu sha shayinsa, mu yi masa dariya.

Garinsu ne abin dariyar. Ya ce can arewa yake, cikin Nijar, inda ciyawa ke ƙarewa. Asalin garin rijiya ce guda inda ayarin gishiri ke yada zango, kakanninsa suka kafa bukkoki suna sayar wa fatake cuku da dabino. Nakan ce masa, "Malam, wannan ai ba gari ba ne, mashayar raƙuma ce." Sai ya gyara rawani ya ƙara min shayi.

Da aka rufe masaƙa shi ya koma gida, ni na koma gindin mangwaro a bakin titi ina gyaran janareto.

Bara sai ga shi ya dawo. Ya sauka wurin ɗan'uwansa a Makera, ya aika a kira mu. Shaddar da ke jikinsa ko ranar aurena ban sa irinta ba. Ya ɗora buta, ya ciro waya yana nuna mana hotuna. An ja kwalta har garin. An sami zinariya a duwatsun gabas, baƙi sun cika ko'ina. Lambunan albasa kore shar a tsakiyar rairayi, sola na jan ruwa, manyan motoci sun yi layi ana lodi. Har makarantar sakandare. Wai garin mutumin da na sani yana rama barci kan benci ke nan.

Ya ce, "Ruwa akwai. Amma in famfo ya lalace sai mu jira mai gyara daga nesa, albasa tana ƙonewa muna kallo."

Na gane inda ya dosa. Kuma na san al'adarsu, ba shekara ɗaya na yi a bakin get ɗin nan ba. Sau uku ake zuba shayi, ba a buɗe maganar da ta tara mutane sai an sha na ukun, wanda ya tashi kafin nan kuwa ya ba da amsarsa ke nan. Aikin ina sonsa. Satin nan gaba ɗaya janareto biyu na taɓa.

Abokina sai faɗi yake, "Kai, Alhaji, Allah ya ƙara." Wai Alhaji. Ya nuna wani hoto ya ce, "Wannan benen fa, naka ne?"

"Na ƙanena ne. Nawa yana baya, bai fito ba."

Da ma da taƙama ya faɗa, da na sami abin riƙewa. Haka kawai ya faɗa yana fifita gawayi. Na shanye kofi na biyu na ce akwai mai jirana a Kudenda.

Buzun ya ce, "Injiniya, saura ɗaya."

Abokina ya take min ƙafa. "Zauna mana. Wa ke jiranka, gwamna?"

Na ce shayin ya cika zaƙi. Na sa takalmina na fita. Na daɗe tsaye a bakin titi ina barin keke napep suna wucewa, ko wani zai biyo ni. Ba wanda ya biyo ni.

Abokina aka ɗauka, mutumin da bai taɓa kwance famfo ba a rayuwarsa. Yanzu yakan kira ni ta bidiyo, ya haska min cikin inji, ya ce, "Oga, wannan robar ta ina ake cire ta?" Ina gaya masa, amma idona na bayansa, kan gine-ginen, ina neman inda bango ya tsage. Ya yi ƙiba. In za mu rabu yakan ce Alhaji na gaishe ni. Bai taɓa cewa Alhaji ya ce in zo ba, ni ma ban tambaya ba.