Gwangwanin Maɓallan Yaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, bayan azahar, Allah Ya karɓi ranki, Yaya. Yau kwana shida, na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na buɗe littafi sai in rufe.

Ke kika ɗinka mini rigar makaranta ta farko, kika sake ta har gwiwa, kika ce, "Ka girma ka same ta." Da na fara koyar da ɗalibai aikin jinya, ke kika fara kirana Malam, kina dariya. Duk ɗalibar da na tura shagonki da yagaggen farin kaya, sai ta dawo da shi a gyare, cikinta kuma a ƙoshe.

Shekara ashirin a kan keken ɗinki suka bar miki ciwon baya. Ban san kina shan ƙwayar kashe ciwo shida-shida ba, kina ajiye ta a gwangwanin maɓallai. Duk shekara nakan tsaya gaban allo in ce akwai magungunan da yawan shansu ke hana ƙoda fitar da tsamin jini ta fitsari, ƙafafu su mutu, numfashi ya yi sauri. Nakan ce su tambayi majinyaci abin da yake sha, su gani da idonsu. Amma da ƙafarki ta kasa taka keke, cewa na yi gajiya ce. Da likita ya tambaya, ni na amsa cewa ba kya shan komai. Kafin 'yarki ta kawo gwangwanin asibiti, zuciyarki ta riga ta gaza.

Jiya na ga gwangwanin a ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ashe tare kuke sha, ke don baya, ita don gwiwa.

"Ba ni shi, Inna."

"Kai da karatunka. Abin da ta bar mini ke nan."

Na durƙusa na faɗa mata abin da ban faɗa miki ba. Sannan ta juye shi a tabarma, ta tsince ƙwayoyin ɗaya-ɗaya daga cikin maɓallan, ta zuba mini a hannu. Gwangwanin ta rungume. Gobe zan kai ta a auna jininta.

Ki yafe mini, Yaya. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Ga mijinki da 'yarki da Inna, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.