Asubar da ta zo bayan isha'i

Na fara karatun boko ina da shekara arba'in da biyu, a wani ɗaki na ƙasan bene a Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon. Talata da Juma'a da yamma muke zuwa, bayan na tashi daga mangazar da nake ɗaurin kaya. Faransanci ina jin sa, ina kuma yin sa a baka, amma a takarda sai na bi harafi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

A ƙarshen shekarun tamanin yayana ya zo daga Damagaram neman maganin ido. Yanar ido ta rufe masa duka biyun. Aka yi masa aiki a na dama ya buɗe, na hagu kuma likita ya ba shi randebu sai bayan wata huɗu. Bizarsa ta ƙare ba a kai ranar ba. Muka yanke shawara ya zauna a ɗaki, kada ya fita, kada ya buɗe wa kowa ƙofa, har a yi aikin ya koma gida da idonsa biyu kafin azumi.

Ƙofa da ƙofa da mu, a hawa na tara, akwai wani tsohon Bature mai ritaya, shi kaɗai yake zaune. Yana da wani farin bututu mai kaurin cinya, a kan ƙafa uku, a bakin taga. Na'urar ɗaukar hoto kullum tana wuyansa, kuma shi ne kaɗai mai makullin rufin bene. A wurinmu mutum yana duban sama ne don hadari ko don jinjirin wata. Shi kuwa ba gona, ba azumi. Na kuma lura cewa in aka sunkuyar da bututun nan kaɗan, tashar bis yake kallo, da ƙofar da kowa ke shigowa.

Ga yawan tambaya. In muka haɗu a matakala sai ya tsare ni. Garinku akwai fitilu da yawa? Ana ganin taurari har ƙasa? Wata rana ya ce yana jin ƙarar famfona kullum kafin gari ya waye, me nake yi a wannan lokaci? Na ce alwala. Ya ce to ashe mu biyu ne kaɗai a farke a benen. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Na buga waya Paris na gaya wa Alhaji, mutumin garinmu mai shagon atamfa da turare a Belleville, wanda duk muke kai wa ƙara da shawara.

"Malam," ya ce, "irinsu masu kai rahoto ba sa ritaya. Ka gaishe shi, ka kulle ƙofarka."

Ranar wata Litinin a watan Maris, saura kwana uku aikin ido, na dawo da la'asar na tarar da Yaya tsaye a tsakar ɗaki, ya nuna mini wata takarda a ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. An turo ta ne ta ƙarƙashin ƙofa, bai ko taɓa ta ba.

"To, malamin boko," ya ce, "yau ranarka ce. Shekara biyu kana zuwa lakkwal da furfura. Karanta mana."

Da manyan baƙaƙe aka rubuta ta. Na zauna na bi ta a hankali. Na gane "wataƙila". Na gane "ku zauna da shiri". Na gane "zan buga ƙofa". Sai layi na ƙarshe: "har da ɗan'uwanka". Ni kuwa ban taɓa gaya wa mutumin nan ina da ɗan'uwa a ɗaki ba.

A saman takardar akwai kalmomi biyu, an ja musu layi. Ta farko na san ta, na kuma yi murna da na san ta: aurore. Madam malamarmu ta koya mana ita cikin sanyin bara, a shafi mai hoton zakara da rana tana leƙowa. Asuba ke nan. Ta biyun ban taɓa ganin ta ba, boréale, amma ƙarshenta iri ɗaya ne da na kalmar da ke jikin motar 'yan sanda. Na ce lalle sunan wani ofis ne. Kuma ba wanda bai san cewa da asuba ake zuwa ɗaukar marar takarda ba.

Na gaya wa Yaya: da asuba za a buga ƙofa, mu shirya, har da shi.

"Ka tabbata?"

"Kalmar asuba dai na rantse da ita."

"Shi mai kai rahoton ne kuma zai aiko da gargaɗi?"

"Wataƙila tausayi ya kama shi."

"Ko kuma so yake mu fito da ƙafarmu."

Na yi tunanin kai wa Madam takardar, gidanta ba nisa. Amma in ta karanta za ta tambaye ni wane ɗan'uwa. Na yi tunanin ƙwanƙwasa ƙofar tsohon, wadda ba ta fi taku uku da tawa ba. Ban yi ba. Na buga wa Alhaji, ya ce in saka Yaya a jirgin ƙasa yanzu, shi zai tarbe shi a tasha. Kafin magariba muna tashar Lyon. Na ɗaura masa rawani har hanci, na danƙa masa tikiti, na ce kada ya yi magana da kowa.

"Da wane yaren?" ya ce.

Na dawo na ɓoye tabarmarsa da butarsa, na jera takarduna a kan tebur, na yi isha'i, na zauna jiran asuba da takalmi a ƙafa. Wajen ƙarfe goma aka buga ƙofa. Na buɗe da katin zamana a hannu. Tsohon ne, da kwat a kan rigar barci, yana haki.

"Maza, malam, maza! Ta zo! Ina ɗan'uwanka?"

"Yana barci," na ce.

"Tashe shi!"

"Ba ya jin daɗi."

Ya kama hannun rigata ya ja ni zuwa matakalar rufi. Na bi shi ina ƙirga tsani, ina cewa a raina a can sama suke jira. A can ɗin kuwa mutum uku na tarar, maza biyu da wata mace riƙe da kwalbar ruwan kafe mai zafi, kowa ya duƙa a bayan na'urarsa. Ba wanda ya dube ni.

Na san alƙiblata a benen nan, don haka na san arewa nake kallo. Sama ta yi ja daga ƙasa har kusan tsakiya, ja irin na zoɓo a kwalba in an ɗaga ta gaban fitila. A cikin jan akwai zare-zare masu haske a tsaye, suna tafiya a hankali, su ɓace nan su fito can. Ana ganin taurari ta cikinsa. Na ce gobara ce. Tsohon ya ce in saurara: ba jiniya, ba hayaƙi. Ya ce wannan hasken na ƙasashen ƙanƙara ne, can ƙarshen arewa, shekara da shekaru bai sauko nan ba. Sunan hasken ke nan a saman takardar, wanda na karanta rabi.

Na yi salati a hankali. Sannan na tambaye shi yadda aka yi ya sani tun da rana. Ya ce kwanaki yana ganin wasu baƙaƙen tabo a jikin rana, kuma abokansa sun bugo masa waya. Na tambaye shi yadda ya san da ɗan'uwana. Ya ce ya gan mu ranar da muka dawo daga asibiti da bandeji, kuma bango ba shi da kauri. So yake sabon idon ya ga wannan. Na ce na gode. A raina na ce, ashe dai kana gani, kana kuma ji.

Da safe na buga Belleville. Alhaji ya ce su ba su ga komai ba sai fitilun titi.

"Sama ta yi ja, sai ka yarda?" ya ce. "Ko sama ta yi kore, ai takardar Yayanka ba ta sake ba."

Yaya ya ce ba zai dawo a kan maganar baka ba. Na koma wurin tsohon na roƙi hoto ɗaya. Ya ji daɗi ƙwarai, ya kai filim shagon wanki, da yamma ya ba ni wanda ya ce ya fi kyau. Ranar Laraba na nemi izini a mangaza na hau jirgin safe.

A bayan shagon Alhaji, tsakanin ɗaurin atamfa, Yaya ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya kai hoton kusa da na dama. Ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah," ya ce. "Kamar an yanka rago a sama." Sai ya ɗora farce a kusurwar ƙasa. "Wannan kuma wane ne?"

Na duba. Baƙin inuwar mutum ce a bakin rufi, da hula. Hulata ce, ba mai irinta a benen.

"Ka ce sama yake ɗauka."

"Yaya, tsayuwa na yi a gabansa."

"Ka ji ƙarar na'urar?"

"Ban ji ba."

Alhaji ya karɓi hoton ya juya bayansa, ya ga tsohon ya rubuta kwanan wata da awa. Ya miƙa wa Yaya. Na yi ta bayani har azahar. Na ce kuskuren nawa ne, kalma na karanta rabi. Yaya ya ce ai shi ya sa: wanda ya karanta rabi ranar Litinin, me zai sa a yarda ya karanta duka ranar Laraba? Ya ce ido ɗaya ya ishe shi ganin hanyar masallaci, gida zai tafi. Gaskiya ban matsa masa yadda ya kamata ba, don ni ma ban gama yarda da tsohon ba.

Ranar Alhamis da safe na je asibiti ni kaɗai. Na gaya wa matar da ke bayan gilashi cewa mai randebun ƙarfe tara ba zai zo ba. Ta tambaye ni ko a sa masa wata ranar. Na ce a'a. Ta juyo mini da littafin don in nuna mata, na bi layi da yatsa har na sami sunansa, ta ja masa biro.